Cocin da kuɗin ulu ya gina a Long Melford

Duk wanda ya hango cocin Holy Trinity a kan tudun Long Melford, a lardin Suffolk na gabashin Ingila, zai zaci majami'ar babban birni ce. Alhali cocin ƙauye ne. Abin da ya sa ya fi ƙarfin garinsa shi ne ulu.

A ƙarni na 15 garuruwan wannan yanki sun yi arziki da saƙar tufafin gashin tumaki, ana rinawa, fatake suna kai wa ƙetare. Da kuɗi suka taru, sai attajiran Melford suka sake gina tsohon cocinsu kusan baki ɗaya, daga wajen 1467 zuwa 1497. Jagoran aikin shi ne John Clopton, mai gidan Kentwell, wanda aka taɓa tsare shi a Hasumiyar Landan a 1462 bisa zargin cin amanar sarki. An sare kawunan waɗanda aka kama su tare, shi kuwa ya tsira, ya dawo gida ya ƙarasa rayuwarsa yana gini. Ya rasu a 1497.

Suffolk ba ta da dutsen gini mai kyau, sai ƙanƙara, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita. Magina kan fasa ta biyu, su juyo baƙar fuskar mai sheƙi waje, su jera ta cikin farin dutse da aka sassaƙa har su yi daidai wa daida. Haka suka yi wa bangon ado, rana na haskawa sai ya riƙa walƙiya. A saman bangon kuma, daga waje, suka zana sunayen waɗanda suka biya kuɗin kowane sashe, tare da roƙon a yi wa rayukansu addu'a. Ba su yi kyautar ɓoye ba. Sun yi imani addu'ar masu rai tana sauƙaƙa wa mamaci, don haka kowa ya tabbatar mai wucewa zai karanta sunansa.

Wannan imani ne aka kawar bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534. A zamanin ɗansa Edward, sannan lokacin yaƙin basasa na shekarun 1640, an farfasa siffofin waliyai a coci-coci. Amma gilasan tagogin Melford masu hotunan Clopton da dangi da abokai, kowa durƙushe cikin rigar alfarma, da yawansu sun tsira, suna nan a ɓangaren arewa. Wani allon farin dutse na ƙarni na 14, mai siffar masanan gabas a gaban jariri Yesu, a ƙarƙashin daɓen cocin aka tono shi a ƙarni na 18.

Hasumiyar da ake gani yau sabuwa ce. Aradu ta lalata ta farko a farkon ƙarni na 18, aka maye gurbinta da ta jan bulo, sai a 1903 aka gama lulluɓe ta da ƙanƙara bisa zanen George Bodley. Ɗakin addu'ar Maryamu da ke gabas kuwa ya taɓa zama makarantar yaran gari daga 1670, har yanzu jadawalin lissafin sau yana rubuce a bangonsa.