Masu Gida a Gidan Aro

Ko a Gummi ko a Anka ka ce "Sai Masu Gida", babu mai tambayarka wa kake nufi. Kirarin Kano Pillars ne, ƙungiyar da aka kafa a 1990 bayan an haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. To amma wane gidan?

Akwai filin Sabon Gari, wanda har yau sunan ƙungiyar yake amsawa. Sai dai gidan da ya yi amo shi ne filin Sani Abacha, daf da marinar Ƙofar Mata, inda ake turin baba shekara aru-aru. Mutum 16,000 yake ci. Ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A Kofin Afirka na 2000 kuwa, a nan Tunisiya ta sallami Masar da ci ɗaya mai ban haushi.

Daga Yunin 2003 zuwa Agustan 2015, wasa 202 Pillars ta buga a Kano a gasar ƙasa, ba baƙon da ya ci ta. Yaron da aka raɗa wa suna a farkon wannan zango sai da ya kusa shiga sakandare kafin a doke ta a gida. Cikin shekarun nan ta ɗauki kofi huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Abokan hamayya kan ce ihun 'yan kallo na sa hannun alƙalin wasa rawa. Ba zan rantse cewa ƙarya suke ba, amma ihu kaɗai ba ya cin kofi uku a jere. Nasarawa United ce ta karya lagon, da ci 2-1.

Sai korona ta zo a 2020, aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace majinyata. Masu gida suka tattara komatsai sai filin Ahmadu Bello na Kaduna. Ko da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, a can ya sake sa rigarta, ba a gaban Kanawa ba.

Wannan ƙaddara ce. Abin da ya biyo baya kuwa da hannu aka jawo shi. A Afrilun 2022, an dawo Ƙofar Mata ke nan, wasa da Katsina United ya watse da tarzoma, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zaftare wa Pillars maki uku, ta tura ta filin MKO Abiola na Abuja. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, ba ta hauro ba sai 2023.

A Oktoban 2025 aka maimaita, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi. 'Yan kallo suka faɗa fili, aka taɓa alƙalai. Wannan karon filin Muhammadu Dikko aka tura Pillars, a Katsina, gidan mutanen da aka fasa wa mota.