Wa Ke Buɗe wa Tsoho Ƙofa?

A daren jajibirin sabuwar shekara, wani masaƙi ya tsaya a bakin ɗakinsa ya sandare, irin ciwon da ke buge shi lokaci-lokaci, ƙofa kuwa a buɗe. Kafin ya farfaɗo, wata yarinya 'yar kimanin shekara biyu ta biyo hasken wuta ta shigo, ta kwanta gaban murhu. Uwarta na waje cikin dusar ƙanƙara, rai ya yi halinsa. Da mutumin ya waiwayo, da yake idonsa ba ya gani sosai, sai ya zaci gashin kanta zinariyarsa ce da aka sace ta dawo.

Wannan shi ne Silas Marner, littafin da Mary Ann Evans ta fitar a 1861 da sunan George Eliot. Daga nan nake son fara bin sawun wani nau'in labari da ya cika kasuwar littattafai yau: tsoho ko tsohuwa cikin kaɗaici, sai wani baƙo ya faɗo rayuwarsu. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma wannan sana'a ta koya mini ɗabi'ar tambayar ta ina abu ya shigo. Da na jera littattafan nan bisa shekarunsu, sai na ga abin da ya fi sauyawa shi ne wanda ke buɗe ƙofar.

Abin dariya, Silas bai kai arba'in ba sa'ad da yaran ƙauyen Raveloe ke ce masa tsoho. Zaman kaɗaici na shekara 15 ne ya motse shi. Kuma dole marubuciyar ta nemo masa dalili: amininsa ya ƙulla masa sharrin sata a garinsu, ya gudo, ya maye gurbin mutane da ƙirga kuɗi. Haka ma Scrooge na Charles Dickens a 1843, rowarsa ce ta kore masa jama'a. A wancan zamani kaɗaici a labari ko dai sakamakon mugun hali ne, ko tabon zalunci. Talakan Ingila da ya tsufa ba mai riƙe shi, abin da ke gabansa yunwa ce ko gidan gajiyayyu na hukuma. Wa ya ƙoshi balle ya yi kukan rashin abokin hira?

Sai fansho ya zo. Jamus ta kafa nata a 1889 zamanin Bismarck, ga wanda ya cika 70. Birtaniya ta yi dokarta a 1908: sule biyar duk mako, shi ma daga shekara 70. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun buɗe hanyar da a hankali ta samar da wani sabon mutum, wato tsohon da ke da abinci da makwanci, bai yi wa kowa laifi ba, amma ba mai leƙo shi.

Ba wanda ya zana wannan mutum kamar Elizabeth Taylor, marubuciyar Ingila, ba 'yar fim ɗin nan ba. A Mrs Palfrey at the Claremont na 1971, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ta yi zaman ƙasar Bama tare da shi lokacin mulkin mallaka, ta tare a wani otal a Landan inda tsofaffi irinta ke ƙarasa kwanakinsu. A otal ɗin, darajar mutum tana ga wanda ke zuwa wurinsa. Ta yi ta cika baki da jikanta Desmond, shi kuwa ko ƙeyarsa. Ran nan ta faɗi a titi, wani saurayi matalauci mai suna Ludo ya ɗaga ta ya wanke mata rauni. Sai ta roƙe shi ya zo cin abinci a matsayin jikan nata.

A nan littafin ya fi burge ni, don ya ƙi yi wa mai karatu daɗin baki. Ludo yana ƙaunarta, amma kuma marubuci ne mai neman abin rubutawa: yana komawa gida ya rubuce kalamanta don littafinsa. Ita ma da farko mutuncinta take karewa a idon 'yan otal. Kowa na cin moriyar ɗan'uwansa, kuma duk da haka abotar ta gaske ce. Da ta rasu, 'yarta ko sanarwa ba ta sa a jarida ba, a ganinta ba sauran wanda abin zai dama. A ra'ayina, yawancin littattafan da suka biyo baya, har da A Man Called Ove na Fredrik Backman na 2012 da ya yi kasuwa a duniya, sun ɗauki ƙashin wannan labari sun zuba masa sukari.

Silas ƙaddara ce ta buɗe masa ƙofa. Uwargida Palfrey faɗuwa ce da 'yar ƙarya. Sai a Our Souls at Night na Kent Haruf muka ga tsohuwa ta taka da ƙafarta. Haruf ya rubuta shi yana fama da ciwon huhu, ya rasu a Nuwamban 2014, littafin ya fito a 2015. Addie, mai kimanin shekara 70 a wani ƙaramin gari na jihar Kolorado a Amurka, ta je gidan maƙwabcinta Louis, wanda shi ma matarsa ta rasu, ta ce ya riƙa zuwa suna kwana suna hira, don dare ne ya fi yi mata tsawo. Daren farko ya biyo ta lungu ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ta ce daga yau ta gaba zai riƙa shigowa.

Mutanen gari sun yi gulma, ba ta kula ba. Ɗanta na cikinta ne ya raba su, da barazanar hana ta ganin jikanta. A Silas Marner, da uban yarinyar na jini ya zo karɓar ta bayan shekara 16, ta ƙi bin sa. A wajen Haruf jini ne ya yi nasara, aka bar tsofaffin biyu da hirar waya cikin dare.

A wannan shekara ta 2015 ne Abubakar Adam Ibrahim ya fitar da Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar NLNG a 2016. Duk mai cewa kaɗaicin tsufa ciwon Turawa ne, tunda mu gidajenmu cike suke, ya karanta shi. Hajiya Binta na da shekara 55, tana zaune a gefen Abuja bayan rikicin Jos ya ci mijinta. Ga jika a gida, ga 'yar 'yar'uwa, ga Islamiyya, ga ɗa mai yi mata hidima, amma ba mai tambayar abin da ke ranta. Abin da ya shiga tsakaninta da Reza, ɗan daba mai shekara 25, ya wuce abota, kuma littafin bai ɓoye tsadar hakan ba. Sai dai tushensa tsohon miki ne: saurayin na tuna mata ɗanta na fari, wanda alkunya ta hana ta kiran sunansa ko jan sa a jiki har ya bar duniya. Ƙofa guda jama'a suka bar wa mace irinta, wato aure, kuma ga Malam Haruna yana ta sintiri a bakinta. Reza kuwa ta katanga ya diro.