Furucin sunayen da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci

Furucin sunayen da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci shi ne yadda ake karanta sunayen mutane da garuruwan Jamhuriyar Benin da Nijar, waɗanda aka rubuta su bisa tsarin haruffan Faransa. Akasarin sunayen ba na Faransanci ba ne. Da yawa daga cikinsu na Hausa ne, ko Zabarmanci, ko Dandanci, ko Fulatanci, ko Larabci, sai dai an rubuta su da wata ƙa'ida dabam da bokon Hausa da kuma Turancin Ingilishi. Wannan ne ya sa ɗan Najeriya kan ga suna kamar Moussa ko Chaibou ya ɗauka baƙon suna ne, alhali Musa da Sha'aibu ne.

Asali

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Illo da kewayenta suka faɗa hannun Ingila, yamma da su kuma aka haɗa da Dahomey, wadda ta sami 'yanci a 1960 kuma ta koma Benin a 1975. A yau ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda garuruwan Kende, Illo, Lolo da Tsamiya suke, tana maƙwabtaka da jihar Alibori ta Benin. Mai fita ta Tsamiya zuwa Ségbana da Kandi yakan tarar da mutane masu sunaye irin na gida, amma allunan hanya da takardun hukuma duk da Faransanci suke.

Wasula

Tagwan haruffa ou suna wakiltar u: Parakou ana cewa Paraku, Amadou kuma Amadu. In wasali ya biyo bayansu sai su zama w, kamar a Tahoua (Tawa), Madaoua (Madawa) da Ouidah (Wida).

Harafin e maras alama a ƙarshen kalma ba a furta shi: Ousmane Usman ne, Hassane kuma Hasan. Mai alama a kai, wato é, shi ne ake furtawa kamar e na Hausa.

A Faransanci ai yana bayar da sautin e. Don a sami ai irin na Hausa sai an ɗiga ɗigo biyu a kan i, kamar a Maïga.

Baƙaƙe

Babban tarko ga mai karatun Hausa shi ne c. Kafin a, o, u sautinsa k ne, kafin e da i kuma s ne. Saboda haka Cotonou, wanda Hausawa ke kira Kwatano, da k yake farawa, Patrice kuma Patris ne.

Sauran sun haɗa da:
ch daidai yake da sh: Aïchatou, wato A'ishatu.
tch daidai yake da c: Tchad, wato Cadi.
dj daidai yake da j: Djougou, wato Jugu.
gu kafin e ko i daidai yake da g kawai: Filingué, wato Filinge.
gn daidai yake da ny: Gnassingbé, wanda ke farawa da Nya.

Tagwan ss ba ya nuna ƙarfafa baƙi kamar yadda yake a Hausa. A Faransanci s guda a tsakanin wasula biyu z ake karanta shi, don haka ake ninka shi domin ya tsaya a s. Issa ke nan Isa, Tessaoua kuma Tasawa.

Abin da rubutun ba ya nunawa

Ƙa'idar Faransanci ba ta da ɓ, ɗ, ƙ, ba ta kuma nuna tsawon wasali ko karin sauti. Maradi asalinsa Maraɗi ne, Dan Issa kuma Ɗan Isa. A nan sanin harshen da sunan ya fito daga cikinsa ne ke gyara karatu. Wani lokaci kuma rubutun yana adana karin harshe: Dogondoutchi yana nuna yadda Hausar yamma ke furta “dutsi” da sauti mai kama da c.

Muhimmanci

Mutum ɗaya kan iya zama Souleymane a takardar haihuwarsa ta Benin, Sulaiman kuma a katin shaidarsa na Najeriya. Jami'i ko malamin makarantar da bai san ƙa'idar ba zai iya ɗaukarsu mutum biyu. A takardun hukuma ana kwafe suna harafi bayan harafi kamar yadda yake a asali. A rubutun Hausa na yau da kullum kuwa an fi bin sauti, kamar yadda aka yi wa kuɗin CFA, wanda sunayen haruffansa a Faransanci suka haifar da kalmar “sefa”.