Mai Juna Biyu Tsakanin Turmi da Gado: Tarihin Motsa Jiki Lokacin Renon Ciki a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masana al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan haihuwa da zanen suna da wankan jego, amma ba safai akan tsaya a dubi watanni taran da suke gabatar haihuwar ba, balle a tambayi irin aikin da jikin mace yake yi a cikinsu. Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wannan al'amari tun daga zamanin da har zuwa yau. Abin da take son tabbatarwa shi ne, Bahaushiyar dauri ba ta bukaci a koya mata motsa jiki ba, sabili da aikin gida ya ɗauke mata wannan nauyi. Da zamani ya zo ya rage aikin kuwa, bai kawo madadinsa ba. Wannan giɓi ne ya bar mata da yawa a birane suna ɗaukar kwanciya a matsayin kariya ga ciki, alhali kuwa kakanninsu da likitocin yau duka ba su tafi a kan haka ba.

2.0 Aikin Mace a Zamanin Da

Kafin tuwo ya kai ga akushi a gidan Bahaushen da, sai hatsi ya bi ta hannun mace sau da dama. Ita za ta yi sussuka, ta sheƙe, ta yi surfe, ta wanke, ta daka ko ta niƙa a dutse, ta tankaɗe, sa'an nan ta tuƙa. Ban da wannan ga jan guga a rijiya, ga sharar tsakar gida a sunkuye, ga wanki. Matan Maguzawa har gona suke zuwa, matan Fulani kuwa su yi doguwar tafiya da ƙwaryar nono a ka. Samun ciki ba ya dakatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, sai dai a sassauta wa mace idan laulayi ya tsananta ko cikin ya tsufa.

Tsofaffi ba su ɗauki wannan aiki a matsayin tilas kurum ba. Sun ɗauke shi magani ne. Sanannen abu ne a ji suna faɗa wa yarinya mai ciki cewa ta tashi ta taɓa aiki, domin son jiki yana tsawaita naƙuda. Ko a gidan iyaye, inda akan mai da mai cikin fari wajen wata na bakwai don goyon ciki, ba a barinta ta wuni a kan gado. Dalilin wannan yana cikin yadda ake haihuwar kanta. Bahaushiya a durƙushe take haihuwa, shi ya sa ake cewa mai naƙuda tana kan gwiwa. Ungozoma kuwa galibi aikinta yana farawa ne bayan ɗa ya faɗo, watau yanke cibi da wanka. Ashe ke nan mace da ƙarfin cinyoyinta da bayanta da numfashinta take dogara, kuma macen da ta saba durƙusawa gaban dutsen niƙa kowace safiya ta riga ta horar da waɗannan gaɓoɓi ba tare da ta sani ba.

Hane-hanen da al'ada ta ɗora wa mai ciki sun fi karkata ga abinci da lokacin fita. An hana ta yawan shan zaƙi, kamar rake da zuma, bisa imanin cewa zaƙi yana tsare haihuwa. An kuma hana ta fita da tsakar rana ko da almuru don tsoron iska. Ba a hana ta aiki ba.

3.0 Matsayin Addini da Likitancin Musulmi

Musulunci ya tabbatar da nauyin da mai ciki take ɗauke da shi. Suratu Luƙman ta ambaci raunin da uwa take sha a kan rauni, kuma shari'a ta yi mata rangwamen ajiye azumi idan ta ji wa kanta ko cikinta tsoro. Imamu Malik ma yana ganin idan ciki ya cika wata 6, hukuncin mace wajen kyautar da dukiyarta ya zama irin na majinyacin da ake jiye wa mutuwa, watau ba za ta wuce sulusi ba. Duk da haka ba a ɗauke mata salla ba. Tana tsayuwa da ruku'u da sujada sau biyar a yini, sai in ta kasa ne za ta yi a zaune. Har wa yau, a Suratu Maryam an umarci Nana Maryamu, tana cikin halin haihuwa, da ta girgiza kututturen dabino da hannunta. A fagen likitanci kuwa, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya shawarci mai ciki a cikin littafinsa Alƙanun da ta riƙa tafiya a hankali da matsakaicin motsi, ta guji tsalle da motsi mai tsanani. Saboda haka addini da al'ada sun haɗu a kan tausaya wa mai ciki ba tare da mai da ita gado ba.

4.0 Canje-canjen Ƙarni na 20

Canji na farko ya biyo bayan hana bauta. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara, kuma a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. A da, bayi mata ne suka fi yin noma da ɗebo ruwa da itace, don haka zaman gida ya zama alamar 'yanci. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura cewa matan da suka fita daga bauta sun janye daga gona don su yi daidai da 'ya'ya. Littafin Baba of Karo na matarsa Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna wannan rayuwa daga bakin wadda ta gan ta da idonta. Zuwa lokacin da Polly Hill ta wallafa bincikenta a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1972, kulle ya game kusan dukan matan aure na garin, kuma ta danganta sauƙin hakan ga rijiyoyin cikin gida da jakunan da suke ɗauke wa mata dako.

Sai dai kulle shi kaɗai bai raba mace da turmi ba. Canji na biyu ne ya yi wannan, watau zuwan na'ura. Ruwan famfo ya shiga Kano daga Chalawa a farkon shekarun 1930. Injin niƙa ya bazu a birane da ƙauyuka, musamman a shekarun 1970 lokacin arzikin man fetur, har dutsen niƙa ya koma kayan tarihi a gidaje da yawa. Daga baya taliyar leda da shinkafar kanti suka rage daka, babur da a-daidaita-sahu suka rage tafiyar ƙasa zuwa biki da asibiti. Babu mai musun cewa waɗannan abubuwa rahama ne ga mata. Amma an wayi gari matar birni tana iya kai ciki wata 9 ba ta yi aikin da zai sa ta haki ba.

5.0 Likitancin Turawa da Sauye-sauyensa

Su kansu Turawa ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Tun zamanin Yunanawa, Aristotle ya ba da shawarar a sa masu ciki tafiya kullum zuwa wuraren bauta. Amma a ƙarni na 19, a Ingila, an ɗauki matar mai hali a matsayin mai rauni wadda ya kamata ta ɓuya ta huta. Likita Grantly Dick-Read ya ƙalubalanci wannan a littafinsa na 1933, inda ya nuna cewa tsoro yana ɗaure jiki, ɗaurewar jiki kuma tana ƙara zafin naƙuda. A 1948 Arnold Kegel na Amurka ya bayyana hanyar ƙarfafa naman ƙasan ƙugu ta matsewa da saki.

Ƙungiyar Likitocin Mata da Haihuwa ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na farko a 1985, cike da ɗari-ɗari: kada bugun zuciya ya wuce 140 a minti, kada motsi mai ƙarfi ya wuce minti 15. A 1994 ta janye iyakar bugun zuciyar, a 2002 kuma ta shawarci mai ciki lafiyayya da ta yi minti 30 a mafi yawan ranakun mako. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da aƙalla minti 150 a mako na matsakaicin motsi, ta kuma bayyana cewa yana rage haɗarin ciwon sukari na ciki da hawan jini da ƙiba fiye da kima.

A ƙasarmu kuwa, hankalin likitoci ya tafi ne ga ceton rai. Binciken Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya ƙunshi haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, ya nuna yadda mutuwa ta fi yawa cikin matan da ba su je awo ba da 'yan mata masu ƙarancin shekaru. Davidson da Parry kuma sun danganta ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Inda ake fama da irin waɗannan, ba abin mamaki ba ne zancen motsa jiki ya rasa gurbi a ɗakin awo.

6.0 Bambancin Aiki da Wahala

Wajibi ne a yi hattara, kada a ɗauka duk abin da aka gada alheri ne. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya nuna cewa jariran da ake haifa da damina, lokacin da abinci ya yi ƙaranci mata kuma suna fama da noma, sun fi ƙarancin nauyi. Aiki mai tsanani cikin rana da yunwa wahala ce, kuma har yanzu ita ce rabon matan karkara da yawa. Irin waɗannan hutu da abinci suke bukata.

Ma'aunin da likitoci suka bayar mai sauƙi ne: motsin da mace za ta iya magana tana yin sa, shi ne matsakaici. Tafiya da sassarfa da safe ko da la'asar sakaliya, ko da zagaya tsakar gida ne, ta wadatar. Ta sha ruwa, ta guji zafin rana da abin da zai iya kayar da ita, kada kuma ta daɗe kwance rigingine bayan wata 3 na farko. Idan ta ga jini ko ruwa, ko ta ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ta tsaya ta nufi asibiti. Mai ciwon zuciya, da mai ƙarancin jini mai tsanani, da mai hawan jinin ciki, da wadda mabiyiya ta tare mata hanya, da wadda bakin mahaifarta yake buɗewa kafin lokaci, ba za su fara ba sai da izinin likita.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa shawarar da likitoci suka tsaya a kanta a 2020 ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tsohuwar magana ce da kakanni suke faɗa a gindin turmi, sai dai yanzu an auna ta an sa mata iyaka. Ba a neman a mai da mata ga dutsen niƙa. Abin da ake nema shi ne a cike gurbin da ya bari. Ya kamata ma'aikatan awo su tambayi kowace mace irin aikin da take yi a yini, su rage wa mai wahala, su zaburar da mai zama. Ya kamata a shigar da wannan darasi a makarantun Islamiyya na matan aure da kwalejojin horon malamai, a kuma fahimtar da magidanta, tun da yake izinin fita a hannunsu yake. Daga ƙarshe, akwai aiki a kan masu nazarin Hausa: su tattara abin da tsofaffin ungozomai suka sani game da renon ciki tun suna raye, domin a tace shi a ma'aunin ilmi, a riƙe mai amfani a bar mai cutarwa.