Ma'aunin Ƙauna a Koyarwar Kirista: Nazari daga Wasiƙun Bulus zuwa Zamanin Agustin

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda Sabon Alkawari da Ikilisiyar farko suka fahimci ƙauna, tun daga wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa har zuwa rubuce-rubucen Agustin a ƙarni na 5. An dogara da nassoshi da shaidar marubutan wancan zamani, Kirista da waɗanda ba Kirista ba. Maƙalar ta gano cewa ana auna ƙauna ne da halin da ta bar wanda aka ƙaunata a ciki, kuma duk sa'ad da aka mayar da ma'aunin kan niyyar mai ƙauna kaɗai, ƙofar tilasci takan buɗe.

Gabatarwa

Da wuya a ɗaura aure a majami'a ba a karanta sura ta 13 ta 1 Korantiyawa ba. Yawan jin ta a wurin biki ya sa jama'a da dama sun ɗauke ta a matsayin nassin soyayyar ango da amarya. Amma Bulus ya rubuta wasiƙar daga Afisa, wajen shekara ta 54, zuwa ga ikilisiyar da ta dare gida-gida. Wasu na cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos, wasu na Kefas. 'Yan'uwa na kai juna ƙara gaban alƙalai. A sura ta 11 ya tsawata musu a kan yadda suke cin Jibin Ubangiji: masu hali su riga kowa, su ƙoshi har su bugu, marasa shi su tashi da yunwa da kunya. Surar ƙauna kuwa tana tsakanin sura ta 12 da ta 14, inda ake gardamar wane ne ya fi wani baiwar Ruhu. Ke nan mutanen da aka fara karanta wa surar, mutane ne da ba sa ga-maciji da juna, kuma abin da ya raba su ya haɗa da kuɗi da muƙami.

Wa ke amfana?

Da aka tambayi Yesu doka mafi girma (Markus 12), sai ya haɗa nassi biyu na Attaura: ƙaunar Allah daga Maimaitawar Shari'a 6 da ƙaunar maƙwabci daga Littafin Firistoci 19. Ita wannan sura ta 19 cike take da ayyuka na zahiri. A bar wa matalauci da baƙo kalar gona, kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki, kada a yi algus a mudu da ma'auni, kada alƙali ya dubi fuska. Tun daga tushe, umarnin ya shafi gona da kasuwa da kotu.

Misalin Basamariye a Luka 10 ya ƙara fito da wannan fili. Hanyar Urushalima zuwa Yariko kimanin kilomita 27 ce, gangara ce cikin duwatsu, ta yi ƙaurin suna wajen fashi. Firist da Balawe sun ga wanda aka yi wa jina-jina, suka ratse. Wanda ya tsaya ɗan ƙabilar da ke da tsohuwar gaba da Yahudawa ne, gabar da ta tsananta tun da shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus ya rushe haikalinsu na Dutsen Gerizim a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu. Luka ya ambaci tausayin mutumin a kalma guda, sannan ya jero abin da ya yi: ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kwana da shi a masauki, ya ba mai masaukin dinari 2, wato ladan kwana biyu na ma'aikaci, ya kuma ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa. Daga nan ya kama gabansa, bai nemi komai daga wanda ya ceta ba. A ganinmu wannan tafiyar tasa muhimmin ɓangare ne na labarin, ko da yake masu wa'azi ba su cika tsayawa a kanta ba.

Wasiƙar Yaƙubu sura ta 2 da 1 Yahaya sura ta 3 sun tafi a kan haka: fatan alheri ga mai yunwa ba tare da abinci ba, ba a kiran sa ƙauna. Bulus kansa ya shafe shekaru yana tattara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, mutanen da masu bayarwar ba su taɓa gani ba. A Romawa 5 kuma ya ce Almasihu ya mutu domin mutane tun suna masu zunubi, ba su cancanta ba. Daga nan umarnin ƙaunar maƙiyi a Matiyu 5 ya samo ƙarfinsa.

Shaidar tarihi

Annobar da ta mamaye Daular Rum daga wajen shekara ta 249 ta gwada wannan koyarwa. Fontiyus, wanda ya rubuta tarihin Bishop Sifiriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ruwaito cewa bishop ɗin ya tara jama'arsa ya gargaɗe su kada su taƙaita jinya ga 'yan'uwansu Kirista, alhali ba a daɗe da tsananta musu a ƙarƙashin Sarki Desiyus ba. Daga Iskandariya, Bishop Diyonisiyus ya rubuta cewa masu jinya da yawa, har da dattawan ikilisiya da dikinoni, sun kamu da cutar sun mutu. Marubucin tarihi Yusibiyus, wanda ya adana wannan wasiƙa, ya kuma adana ta Bishop Karniliyus na birnin Rum, ta shekara ta 251, inda ya ce ikilisiyarsa na ciyar da gwauraye mata da mabuƙata sama da 1,500.

Ana iya cewa waɗannan Kirista ne ke yabon kansu, kuma dole mai bincike ya yi kaffa-kaffa da su. Shi ya sa wasiƙar da ake jingina wa Sarki Juliyan, ta shekara ta 362, ke da daraja. Juliyan ya bar addinin Kirista, yana son farfaɗo da bautar allolin Rum. Ya koka wa babban firist na Galatiya cewa Kirista na ciyar da matalautansu har da na sauran jama'a, ya ba da umarni a gina masaukan baƙi. Bayan 'yan shekaru, da yunwa ta afka wa Kafadokiya a 369, Basil na Kaisariya ya rabar da dukiyarsa, daga baya ya gina unguwa guda a bayan gari mai ɗakunan jinya, har da na kutare. Masanin halayyar al'umma Rodney Stark, a littafinsa na 1996, ya ɗauki irin wannan jinya a matsayin ɗaya daga dalilan yaɗuwar addinin. Alƙalumansa kintace ne, amma aikin jinyar kansa tabbatacce ne.

Inda ma'auni ya karkace

Agustin (354–430), bishop na Hifo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya fi kowa tasiri a kan wannan batu a Ikilisiyar Yamma. Ya koyar cewa kowane mutum mai ƙauna ne, matsalar ita ce tsari: zunubi shi ne fifita ƙaramin abu a kan babba. A wa'azozinsa kan 1 Yahaya ya nuna cewa ba a gane aiki daga fuskarsa, sai daga saiwarsa. Uba na iya dukan ɗansa don ƙauna, mai fataucin bayi kuma ya lallaɓa yaro don mugunta. Akwai gaskiya a nan, domin ba duk mai yi maka murmushi ne masoyinka ba.

Sai dai shi wannan Agustin ne ya yi amfani da hujjar wajen goyon bayan tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus komawa Ikilisiyar Katolika. A wasiƙarsa ta 93, ta shekara ta 408, ya faɗi cewa da farko bai yarda da tilasci ba, amma ya sauya ra'ayi da ya ga garinsa ya juyo saboda tsoron dokokin sarki. Ya kafa hujja da misalin babban biki a Luka 14, inda aka ce a matsa wa mutane su shigo. Bayan taron Kartaj na 411, aka ɗora wa 'yan ɗariƙar tara, aka ƙwace majami'unsu. Ya roƙi hukuma kada ta yi kisa, wannan gaskiya ne, kuma ba mu da dalilin shakkar niyyarsa. Matsalar ita ce, idan niyya ce kaɗai alƙali, wanda ake yi wa abin ba shi da bakin magana. Wannan hujja ta yi ƙarnoni tana yawo a Turai, ta kuma jawo wahalar da Ikilisiya ba za ta iya wanke hannunta daga gare ta ba.

Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya bayyana ƙauna a matsayin nufin alheri ga wani, ya kuma kira ta abota, abota kuwa ba a yin ta da mutum ɗaya. Anders Nygren, malamin tauhidi na Suwidin, ya raba ƙaunar Allah da muradin ɗan Adam rabuwa ta har abada a littafinsa na 1930 da 1936. Fafaroma Benedik na 16 ya ƙi wannan rabuwa a wasiƙarsa ta Disamba 2005, ya kuma faɗi ƙarara cewa ba a mayar da aikin jinƙai hanyar farautar mabiya.

Abin da ya shafe mu

Wannan gargaɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. An wanke gyambon mutanen da danginsu ke gudu, alheri ne da ba a musunsa. Amma wuraren sun kasance filin bishara, mai neman magani kuwa ba shi da ƙarfin cewa a'a. Duk asibiti ko makarantar ikilisiya a yau tana bukatar ta tambayi kanta ko wanda ya ƙi saƙonta zai sami kulawa daidai da wanda ya karɓa.

Haka batun yake a cikin gida. Ana yawan ce wa matar da mijinta ke duka ta yi haƙuri, wai ƙauna takan jure. Wannan karatu ya ɗauko kalmar Bulus daga wasiƙar da ya rubuta domin kare raunana, ya miƙa ta ga mai ƙarfi. Surar nan ta 13 ta hana murna da rashin gaskiya, Matiyu 18 kuma ta shimfiɗa matakan tsawata wa mai laifi, daga ganawa a asirce har zuwa gaban ikilisiya. Tuba kuma ba ta tsaya a baki ba: Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya tuba a Luka 19, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Fasto ko dattijon da ke sasanta irin wannan aure, wajibinsa na fari shi ne tabbatar da cewa dukan ya tsaya, matar kuma tana da inda za ta kwana lafiya, kafin a zo maganar gafara da komawa ɗaki.