Wanda Harsashi Bai Kashe Ba: Sojan Ƙauye, Cuta da Mantuwa a Yaƙin Bama

Gabatarwa

Duk wanda ya san barikokin sojan Nijeriya ya haddace wani yanki na taswirar ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, ko da bai taɓa lura ba. Akwai Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, ga kuma Chindit a Zariya. A Gana ma hedikwatar soja tana Burma Camp ne a Ankara. Sunaye ne na fagagen daga da na rundunonin da suka yi fice a Yaƙin Duniya na Biyu, watau abin da soja ke alfahari da shi. Amma akwai wani mutum da wannan tsari na tunawa ba shi da wurin ajiye shi: ɗan ƙauyen da ya sa kaki, ya ƙetare teku, sannan zazzaɓi ko atuni ya kashe shi a kan gadon asibitin tanti, ba tare da harsashin Japan ya taɓa jikinsa ba.

Wannan maƙala tana kare ra'ayin cewa irin wannan soja mamacin yaƙi ne cikakke, kuma labarinsa ya fi na gwarzon fagen fama bayyana ainihin yadda yaƙin ya kasance. Za ta kuma nuna cewa hanyar tuna shi tana nan cikin al'adarmu, aiki da ita ne ba a yi ba.

Daga gona zuwa Arakan

Bayan Japan ta ƙwace Bama a 1942, Birtaniya ta shiga neman mayaƙa ruwa a jallo. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma daga sojojin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, aka kwashe su a jirgin ruwa, aka zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Indiya. Runduna ta 82 ta bi sahu a 1944. Idan aka haɗa da sojojin Afirka ta Gabas, 'yan Afirka kimanin 100,000 ne suka yi aiki a wannan fage. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya, ko da yake cikinsu akwai Tibi da Barebari da Zabarmawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi wajen ɗiba. Wasu sun shiga da ƙafarsu saboda albashi da kuɗin haraji, wasu kuwa tura su aka yi da aka nemi gari ya kawo mutane. Sarkin Katsina Usman Nagogo har Indiya da Bama ya je ya duba su.

Turawa sun zaɓi waɗannan sojoji ne bisa zaton cewa Baƙar fata ɗan kurmi ne, ya saba da duhun daji da sauro. Wannan zato bai san da manomin Daura ko Gumel ba, wanda iyakar dajin da ya sani shi ne na ƙaya da sabara. An jefa shi kwarin kogin Kaladan da tsaunukan Arakan na ƙasar Bama, inda ruwan da ke sauka a shekara ya ninka na Kano wajen sau biyar, inda tufafi ba sa bushewa, matsattsaku na shiga har cikin takalmi. Motoci ba sa iya bin hanyoyin, don haka abinci daga jirgin sama ake jefowa, sauran aikin kuma na kai ne. Dubban mutanen rundunonin biyu 'yan dako ne marasa bindiga, masu ɗaukar harsasai da magunguna da sassan manyan bindigogi. Tambarin Runduna ta 81 gizo-gizo ne. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo. Soja da kansa ya yarda, a kan kafaɗar rigarsa, cewa gammon ɗan dako makami ne.

Cuta ita ce babbar abokiyar gaba

Janar William Slim, kwamandan Runduna ta 14 wadda sojojinmu suka yi aiki a ƙarƙashinta, ya bayyana cewa a 1943, duk soja ɗaya da aka kwaso daga bakin daga saboda rauni, 120 ake kwasowa saboda rashin lafiya. Wannan lissafi na marasa lafiya ne, yawancinsu kuma sun warke, amma ya nuna inda ƙarfin rundunar yake zurarewa. Zazzaɓin cizon sauro ne a gaba, sai atuni da gudawa, sai cututtukan fata, sai wani mugun zazzaɓin taifus da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari na cikin ciyawa ke yaɗawa, wanda a lokacin babu maganinsa. Slim ya ɗauki lamarin a matsayin batun horo. Ya tilasta shan ƙwayar mefakirin kullum, duk da jita-jitar da ta bazu cewa tana kashe mazakuta, ya kuma tsige kwamandojin da aka samu sojojinsu ba sa sha. An kafa wuraren jinyar zazzaɓi kusa da bakin daga don kada a riƙa jigilar marar lafiya har Indiya. Zuwa 1945 adadin ya faɗi ƙwarai.

Sojojin Afirka ta Yamma sun fi Turawa jure zazzaɓin sauro, amma juriya ba rigakafi ba ce, kuma ba ta hana atuni ko ciwon haƙarƙari. A duba yadda mutuwar take zuwa. Mutum ya kwana uku yana tafiya da kaya a ka, ya sha ruwan rafin da wata runduna ta yi sansani a samansa. Ciki ya fara murɗawa, bayan gida ya koma majina da jini. Ba ya son ya faɗa, don kada a ce rago ne. Kafin a ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata, a sa shi a kwale-kwale, a kai shi inda ƙaramin jirgi zai iya sauka, jiki ya bushe. Wannan ne ya sa ake samun kaburburan 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartun yaƙi na Chittagong da Maynamati a ƙasar Bangladesh ta yau, garuruwan da ke bayan fagen daga inda manyan asibitocin soja suke.

Wanda ya ce ai cuta ko a gida tana kisa, ya faɗi rabin gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaƙi ne ya raba saurayin da garinsa, ya gajiyar da shi, ya rage masa abinci, ya kwantar da shi cikin laka. Umarnin da ya tura abokinsa gaban bindiga shi ne ya tura shi gaban cuta.

Mantuwa hawa uku

Hawa na farko na daular ne. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana da ƙa'ida mai kyau a takarda: duk sojan da ya mutu cikin wa'adin yaƙi a tuna da shi da sunansa, ba tare da duba muƙami ko launi ko dalilin mutuwa ba. Amma a 2021 wani kwamiti da hukumar ta kafa ya gano cewa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an tuna da mamata 45,000 zuwa 54,000 ta hanyar da ba ta kai ta Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam. Yawancinsu 'yan Afirka ne da mutanen Gabas ta Tsakiya, da dama kuma 'yan dako ne da cuta da yunwa suka kashe a yaƙin Afirka ta Gabas, inda birged ɗin Nijeriya ma ta sha wuya a daminar 1917. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A Yaƙi na Biyu an ɗan gyara: a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Yangon akwai kaburbura sama da 6,000 da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san makwancinsu ba, kuma mutanenmu suna ciki. Sai dai yadda aka rubuta su ya raba su da asalinsu. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan babban gari, a sami wane Kano, wane Sakkwato, wane Zariya. Sunan uba ya faɗi, sunan ƙauye ya faɗi. Dutsen kabarin kuma ba ya faɗin abin da ya kashe mutum.

Hawa na biyu na ƙasa ne. Nijeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akwai hikima a hakan, amma ya ƙara tura sojojin yaƙin Bama baya. Abin da ya yi fice daga labarinsu kuma na waɗanda suka tsira ne, kamar Isaac Fadoyebo wanda ya rubuta tarihin yadda wasu Musulmin Arakan suka ɓoye shi bayan an harbe shi a 1944. Wanda ya mutu a asibiti bai bar mai ba da labari ba.

Hawa na uku na gida ne, shi ne kuma mafi ciwo. Babu gawa, balle wanka da likkafani, babu kabarin da za a nuna. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ba ta saba da yi wa wanda ba ya nan sallar jana'iza ba, don haka iyakar abin da dangi za su yi shi ne addu'a da sadaka, matar ta shiga takaba. Waɗanda suka dawo sun dawo da lambobin girma da labaran Japanawa, ana kewaye su a dandali. Uwar wanda zazzaɓi ya kashe ba ta da abin faɗa sai an ce ya rasu a can.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa yaƙin Bature ne, wanda ya mutu a cikinsa ya mutu ne yana yi wa mai mulkin mallaka bauta. Ba za a musanta cewa manomin Arewa ba shi da rigima da Japan ba. Amma tuna mutum daban ne da yabon wanda ya tura shi. Mantawa da shi ma rangwame ne ga daular, domin kowane suna da ya ɓace ragi ne daga lissafin abin da mulkin mallaka ya ci. Wanda yake son a yi wa wancan zamani hisabi shi ya fi kowa buƙatar sunayen.

Wasu kuma suna ganin girmamawa ta jarumi ce kawai. Wannan ma'auni na faretin soja ne, ba namu ba ne. A cikin ingantattun hadisan da malamanmu ke karantarwa an ambaci wanda annoba ta kashe da wanda ciwon ciki ya kashe da wanda ya nutse a ruwa cikin masu samun darajar shahada. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke wa wani mamaci hukunci, wannan na Allah ne. Abin lura shi ne tarbiyyar da muka taso da ita ba ta ɗauki mutuwar jinya a matsayin ƙasƙanci ba. Fifita harsashi a kan cuta ra'ayi ne da muka aro tare da kaki.

Kammalawa

Bahaushe ba ya tuna mamaci da mutum-mutumi ko dogon gini a kan kabari. Da suna yake tunawa: a mayar wa jariri sunan marigayi, a riƙa kiransa Baba ko Abba don kunya, a sa mamacin cikin addu'a. Saboda haka abin da sojan ƙauye ke bin mu shi ne a haɗa rabin sunansa da ke Taukkyan ko Chittagong da ɗaya rabin da ya rage a bakin tsofaffi.

Aikin mai yiwuwa ne. Rajistar hukumar kaburburan tana intanet kyauta, da lambar soja da bataliya da ranar mutuwa. Fayilolin larduna na zamanin En'e suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Sassan tarihi na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗalibai daga kusan kowace gunduma, waɗanda za su iya zama da dagatai da limamai su tambayi gidan da aka taɓa cewa wani ya tafi Bama bai dawo ba. Yaran da suka ga tafiyar waɗannan samari sun haura shekara 85 yanzu. Idan aka bari suka shuɗe, rajistar za ta ci gaba da nuna wane Kano da wane Katsina, amma ba za a ƙara samun wanda zai ce ɗan gidan wane ne ba.