Fumfuna a Gida

Fumfuna, wadda wasu ke kira hunhuna, nau'in naman gwari ce da ke tsira a inda danshi ya zauna: bangon da rufi ke yoyo a kansa, banɗaki, ƙarƙashin katifa, ko kayan sawa da aka ninke ba su bushe ba. Ta fi yawa da damina. Warin danshi da tabo baƙi ko kore su ne alamominta. Daga cikin nau'o'in da aka fi samu a ɗaki akwai Aspergillus da Penicillium da Cladosporium.

Tana watsa ƙwayoyin iri a iska waɗanda ido ba ya gani. Shaƙarsu na jawo atishawa, toshewar hanci, tari da ƙaiƙayin ido, tana kuma tayar da asma. Masu raunin garkuwar jiki da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu sun fi shiga haɗari, domin Aspergillus na iya yin sheƙa a huhunsu. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a gine-gine.

Fumfunar rumbu ta fi muni. Aspergillus flavus kan kama gyaɗa da masara, ta bar gubar aflatoksin mai haddasa sankarar hanta, kuma girki ba ya kashe gubar. A Kenya, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a 2004.

Maganin fumfuna shi ne hana danshi: gyara yoyo, buɗe tagogi, shanya abin da ya jiƙe cikin kwana biyu. Shafa fenti a kanta ba ya hana ta dawowa.